Itatuwan Japan a Hannun Maigidana

Itatuwa goma sha biyu ne, babu wanda tsawonsa ya wuce kamu guda. Alkawari ɗaya ne, wanda na yi wa wata Bafaranshiya mai sayar da furanni a Lyon, cewa zan ajiye mata su a ƙofar butik ɗinta cikin watan Mayu. Bayan alkawarin kuma akwai abin da na fi so: ta ce idan waɗannan suka gamshe ta, ni zan riƙa kawo mata kowace shekara, ita da ƙanenta mai babban wurin sayar da shuke-shuke a bayan gari. Abin da na sa a gaba ke nan, a tsakiyar shekarun casa'in.

A lokacin sana'ata ɗaukar kaya ce daga manyan mangazojin sari na Aubervilliers, a gefen Paris, in kai Lyon. Jakunkunan mata, agoguna, barguna, kwanduna, duk abin da na ga zai tafi. Ina kwana a Saint-Denis, a wani ɗaki hawa na takwas, ina saye a Paris, ina sayarwa a unguwar Guillotière ta Lyon. Masu sayen kayana mutanenmu ne da Larabawa, kuma kowa a cikinsu ya san inda na samo kayan. Ciniki ne mai ciyar da mutum, amma ba ya ɗaga shi. Na daɗe ina neman abin da zan sayar wa Faransawa su kansu, wanda ba kowa ya san hanyarsa ba.

Na fara ganin itatuwan ne a bayan mangazar wani ɗan ƙasar Sin da nake sayen kwanduna a wurinsa. An jera su a kan katako, a waje, cikin sanyi. Na ɗauka na roba ne, sai da na murza ganyen na ji ƙamshin ƙaro a yatsuna. Ya ce sunan itacen farin pin na Japan. Ganyensa allurai ne, biyar-biyar a ƙulle wuri ɗaya, kore mai ratsin fari. A Japan, in ji shi, yana tashi a kan duwatsu ya yi tsawon gidan sama, ana yanka katakonsa, ana kuma dasa shi a farfajiyar gida kusa da ruwa. Waɗannan kuwa da gangan aka hana su girma. Ana sa su a kasko marar zurfi cikin tsakuwa, ana datse musu saiwa, ana naɗa wa rassan wayar tagulla a lanƙwaso su ƙasa, har itacen ya ɗauki kamannin tsohon da iska ta daɗe tana duka. Bonsayi ake ce musu. Kowanne ya haura shekara ashirin a hannun mai gyaransa kafin a ɗoro shi a jirgi.

Na ce, "To me ake yi da shi?"

Ya ce, "Ana kallo."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Wanda zai sayi abu don kallo kawai ba ya ja da kai a kan farashi kamar mai sayen bargo.

Madam ɗin kuwa, Bafaranshiyar nan mai furanni, ta hanyar kwanduna na san ta. Mace ce marar yawan magana, kullum da almakashi a aljihun rigar aikinta. Na ɗauko itace ɗaya na riƙe a cinyata a jirgin ƙasa har Lyon, na ajiye mata a kan tebur. Ta juya kaskon a hankali, ta ƙirga allurai, ta tona tsakuwar da yatsa, ta duba ƙarƙashi. Sannan ta ce goma sha biyu take so, cikin Mayu, lokacin da Faransawa ke saya wa iyayensu mata kyauta. Kafin nan ba ta da wurin ajiye su.

Mai mangaza bai yarda ya riƙe mini su har Mayu ba, domin akwai wasu masu so. Na saye duka a ƙarshen hunturu. Ya ba ni sharuɗɗa kaɗan: a bar su a waje, su sha rana, ruwa kaɗan, kada a taɓa komai. Ɗakina na Saint-Denis ba shi da ko wurin shanya riga a waje. Ga kuma wasu kayana da suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, dole in je da kaina. Wuri ɗaya ya rage mini, gidan maigidana.

Duk ɗan kasuwar da ya yi fatauci ya san maigida: mutumin da kake sauka a wurinsa a garin da ba naka ba, ya ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya tsaya maka in magana ta taso. Nawa a Lyon dattijo ne daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram. Ya zo Faransa tun yana saurayi, ya yi aiki a masana'antar manyan motoci har ƙarfinsa ya ja baya, sannan ya buɗe ɗan butik a Guillotière yana sayar da gero, kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji. Baba nake ce masa, matarsa kuma Inna. Shi ya fara kai ni wurin masu saye lokacin da ban san kowa ba, kuma bai taɓa karɓar komai a kan ɗakin da nake kwana ba. A bayan butik ɗin akwai ɗan tsakar gida da rana ke shiga da hantsi. Nan na jera itatuwan.

Inna ta fito tana goge hannu. Ta ce, "Ɗan Maraɗi, yanzu kuma jarirai ka koma sayarwa?"

Na ce, "Inna, kowanne a nan ya girmi autanki."

"To wa ya yi musu baki?"

Baba bai yi dariya ba. Ya tsuguna, ya sa yatsa a kan wayar da ke jikin reshe, ya bi ta har ƙarshe. Na fara bayani. Na ce, "Baba, ruwa kaɗan suke so, kuma..."

Ya ɗago kai. "Ni za ka koya wa ba itace ruwa? Kana ina lokacin da nake ban ruwa a fadamar garinmu?"

Inna ta yi dariya, ni ma na yi, na ce Allah ya huci zuciyar Baba. Sauran maganar ta koma cikina. A wurinmu ba ka tsayawa kana karanta wa dattijo manomi yadda ake riƙon shuka, kamar yadda ba ka nuna wa mahauci inda zai sa wuƙa. Na bar kaya a hannun wanda ya fi ni sanin ƙasa, hankalina kwance na tafi.

Kwatano ta riƙe ni fiye da yadda na zata. Na ratsa gida na gai da tsofaffi, na dawo Paris a farkon Mayu, washegari na hau jirgin Lyon.

A tsakar gida kasake biyar na tarar da itatuwa a cikinsu. Sauran bakwai an kife su a jikin bango, an wanke su tas. Biyar ɗin ma babu waya ko ɗaya a jikinsu. An warware ta, an naɗe ta da kyau, an rataye a ƙusa.

Inna ta ce, "Babanka yana garka. Ya ce in ka iso ka same shi, yana da abin nuna maka."

Garkar ɗan lambu ne da yake haya a bakin gari, kusa da layin dogo, cikin jerin lambunan tsofaffin ma'aikata. Yana shuka yakuwa, albasa, tumatir da kabewa. Na shiga bas na tafi. Tun daga ƙofar shinge na hango su: bakwai a jere, a cikin ƙasa, kowanne an yi masa gurbi an zuba taki.

Baba ya ajiye garma ya zo. Ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni gajiya, ya tambayi tsohuwata da ciwon ƙafarta, ya tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi zafi a Maraɗi da farashin gero, ya tambayi ko an fara ganin hadari. Ina amsawa lafiya lau, idona yana kan itatuwan. Sababbin tsiro sun fito a kan kowane reshe, tsaye cak kamar kyandir, wasu sun kai tsawon yatsa. Rassan da aka daɗe da lanƙwasawa suna nan yadda suke, amma ƙananan sun fara miƙewa sama. Siffar tsufan nan ta tafi. Abin da ke gabana ƴaƴan itace ne masu ƙoshin lafiya, irin waɗanda ake gani a kowane bakin hanya.

Ya ce, "Zo ka ga baƙinka. Ka ga yadda suka yi godiya?"

Na sunkuya na duba reshe ɗaya.

"Wayar nan ta fara cin jikinsu, duba shaida. Da na zare na farko daga kasko sai da na ji tausayi. Saiwar ta murɗe kamar gammo, babu ko ƙasa, tsakuwa ce zalla. Wanda ya sayar maka ya cuce ka, ɗan nan. Na samo takin tumaki wurin mahaucin nan Balarabe. Sauran biyar ɗin wuri ne ya ƙare, amma maƙwabcina ya ce zai ara mini gefe."

Ya ci gaba, yana gyara gurbin ɗaya da ƙafa. Ya ce a garinsu in ka tarar da ɗan gawo ya tsiro a gona ba ka sare shi. Kana rage masa rassan ƙasa, ka bar masa kai ɗaya, ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki, har ya tashi ya wuce bakinsu. Ya ce ubansa sau ɗaya ya taɓa marinsa, kuma a kan gawo ne.

Na bari ya gama. Ban iya kwana-kwana ba, kuma ban ga amfaninta a nan ba. Na ce, "Baba, itatuwan nan ba ciwo ke damunsu ba. Haka aka yi su. Ƙanƙantar ita ake saye, da lanƙwasar."

"Wa ya gaya maka?"

"Wanda ya sayar mini, da wadda za ta saya. Mutum ne a Japan ya shekara ashirin yana datse su yana ɗaure su, don su zama yadda na kawo su."

Ya dube ni, ya dubi itatuwan. "Shekara ashirin yana hana itace girma? Ba shi da aikin yi?"

"Aikinsa ke nan, Baba."

"Allah ya shirye shi."

Ya jawo bokiti ya kife ya zauna. Jirgin kaya ya zo ya wuce, muka jira ƙararsa ta lafa. Sannan ya ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na fara, ka ce ba ni zan koya maka ba."

"To da na ce haka sai bakinka ya mutu? Kai da ke tsayawa ka yi ciniki da Sinawa har su gaji?"



Da muka koma gari na shiga ɗakin tarho na bakin titi na kira mai mangaza. Wasu babu, sun ƙare sai baɗi. Amma ya ba ni dabara. Ya ce in tone su, in datse saiwa, in mayar da su kasko, in karya sababbin tsiron, in sake naɗa waya, in shimfiɗa gansakuka a kai. Ya ce pin ba ya nuna mutuwarsa da wuri, yakan zauna kore makonni bayan saiwarsa ta daina sha. Kafin ya bushe an riga an sayar, an kai gida, kuma mai shi zai ce shi ne bai iya ban ruwa ba.

Na yi tunanin abin sosai, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fara tsayar da ni lissafi ne. Itacen da aka tumɓuke sau biyu cikin wata biyu, a daidai lokacin da yake tsiro, da wuya ya rayu. Ba itace ɗaya ba ne da za a ce tsautsayi, bakwai ne. In suka fara dawo wa Madam jajaye a tsakiyar zafi, macen da ke ƙirga allurai za ta gane. Ni kuma ba cinikin rana ɗaya nake nema a wurinta ba. Bayan lissafin sai wani abu ya biyo: aikin ba zai yiwu ba sai a garkar Baba, a gabansa, wataƙila ma da garmarsa. Zai tsaya yana kallo ina gyara kuskurensa da ha'inci, kuma ba zai iya hana ni ba, tunda shi ya jawo. Wannan nauyin ban ga yadda zan ɗora masa shi ba in ci gaba da cin tuwon gidansa.

Na ɗauki biyar ɗin da ke kasko na kai wa Madam. Na faɗa mata abin da ya faru daga farko har ƙarshe. Da na zo wurin takin tumaki ta yi dariya, karo na farko da na ji dariyarta. Sannan ta daina.

Ta ce, "Labarin yana da daɗi, amma ba zan iya sa shi a taga ba."

Ta juya kasaken ɗaya bayan ɗaya. Ta ware uku waɗanda rassansu suka riƙe siffarsu, ta tura mini biyu. Ta ce, "Goma sha biyu na ce. Na riga na gaya wa mutane suna zuwa."

Na ce baɗi zan kawo su daidai, kuma a hannuna za su kwana.

"Na yarda kana faɗin gaskiya, shi ya sa na karɓi ukun. Amma ƙanena ba ya aiki da wanda bai da wurin ajiye kayansa. Ni ma ban da lokacin gwaji na biyu."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ci mini mutunci ba. Ta ci gaba da sayen kwanduna a wurina har shekaru, ba ta sake tayar da maganar itace ba. Shekarar da ta biyo na ga bonsayi a tagarta, wani ya kawo.

A gida kuwa Baba ya daina zama da ni cin abinci. Inna ce ta tare ni a matakala. Ta ce, "Babanka bai ci abin kirki ba tun ranar. Ya ce in gaya maka zai ɗauki nauyin abin da ya ɓata."

Na ce, "Inna, kin taɓa jin baƙo ya karɓi diyya a hannun maigidansa?"

"Ni dai an aiko ni. Ka je ka faɗa masa da bakinka, tunda yanzu ya warke."

Na shiga butik na same shi yana auna gero a ƙananan leda. Na zauna na riƙe masa bakin ledar. Muka cika ƴan ledoji. Sannan na ce, "Baba, bakwai ɗin nan na ba ka, naka ne."

"Ba na karɓar kyautar abin da na lalata."

"To riƙe mini su amana."

"Amana na riƙe da fari, ka ga inda ta kai mu."

Na yi dariya, shi ma gemunsa ya motsa. Ya ƙulle leda ya ajiye. Ya ce, "To zauna da kyau ka gaya mini abin da mutumin ya ce. Duka. In na katse ka, ci gaba."

Na gaya masa. Rana, iska, ruwa kaɗan, ƙasa mai tsakuwa wadda ba ta riƙe laima. Da na ce taki mai ƙarfi yana ƙona musu saiwa sai ya runtse ido. Da yamma muka je garka tare muka kwashe takin da hannu. Ga wasu mun makara.

Na sha tunani a kan mutanen nan biyu da ba su taɓa ganin juna ba, Baba da mai gyaran itacen a Japan. Dukansu sun san inda ake yanka reshe, dukansu suna iya jiran abin da ba za su gani ba sai bayan shekaru. Baba bai taɓa yarda cewa ɗayan yana da gaskiya ba. Ya yarda dai ya taɓa kayan da ba nasa ba, kuma wannan ne ya dame shi. In maganar ta taso yakan ce itacen da ba zai yi inuwa ba, ba zai ba akuya ganye ba, an ɓata masa rayuwa. Ni ban tsaya a gefen kowa ba. Na dai lura cewa ranar da Madam ta juya kaskon nan a kan teburinta, ni ma na ga tsohon itace a kan dutse, na manta cewa bai wuce kamu ba. Ban san sunan wannan amfanin ba, amma akwai shi, kuma mutane suna biya dominsa.

Ga yadda abin ya tsaya. Uku Madam ta karɓa. Biyu na mayar Paris, wata Hajiya matar ma'aikacin ofishin jakadanci ta saye su a araha. Na gaya mata a waje ake barinsu, ta ce sanyi zai kashe su, ta sa su a falo kusa da abin ɗumama ɗaki, ba su ga ƙarshen hunturu ba. Cikin bakwai na garka, biyar sun bushe a zafin wannan shekarar. Biyu sun kama. Zuwa ƙarshen shekarun casa'in ɗaya ya kai mini ƙirji, ɗayan ya tsaya a ƙugu ya bazu gefe, babu mai sayensu a haka kuma babu mai niyyar sayarwa. Cinikin shekara-shekara da Madam da ƙanenta bai samu ba, ban kuma sake samun irinsa a harkar shuka ba. Na koma kan barguna da jakunkuna, daga baya na shiga kayan gyaran mota, a nan na tsaya da ƙafata, a makare fiye da yadda na so. Ɗakina a gidan Baba kuwa yana nan, na ci gaba da sauka a cikinsa duk zuwana Lyon har ya rufe butik ya koma gida. A harkar itatuwan asara na yi, kuma ban taɓa kiranta da wani suna ba. Maigidana ne kawai ban rasa ba.